Tsarabar da Ta Dawo Daga Wurno

Ban yafe wa takardar nan ba, kuma ba na jin zan yafe mata. Falle ɗaya ce, an buga ta a shagon kwamfuta na bakin tasha, an jera lokuta a jikinta kamar ƙa'idar shan magani: ƙarfe bakwai tashi daga Illela, tara Kware, sha ɗaya da rabi Wurno, biyu tashi daga Wurno, uku madatsar ruwa ta Goronyo, huɗu a kamo hanyar gida. Wanda ya tsara ta ya ware wa rusasshiyar ganuwa lokacinta, ya ware wa cin kifi da ɗaukar hoto nasu, bai bar wa mutum mai rai ko minti goma ba. Na daɗe ina zagin takardar da dattijon da ya rubuta ta. Sai dai takarda ba ta magana. A hannuna take ran nan, kuma bakina ne ya faɗi abin da ke cikinta.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya. Allo na yi ina yarinya, boko kuwa ko zancensa ba a kawo a gidanmu ba. Na yi ta sana'ata, in ƙetara boda zuwa Ƙwanni in ɗauko taliya da man girki in dawo, kuma ba wanda ya taɓa cutata a ciniki don ban iya rubutu ba. Waya ce ta kai ni aji. Na gaji da miƙa wa mutane ita su karanta mini saƙon da ni kaɗai aka aiko wa, suna karantawa suna murmushi. Sai na sayi littafi da biro, kullum bayan la'asar in je in matse kaina a bencin yaran firamare, gwiwata na dukan tebur. Malamarmu sa'ar ɗiyata ce, amma in ta shigo miƙewa nake. Cikin shekara uku na fi kowa a ajin, kuma ban ɓoye ba.

A shekara ta ukun ne malama ta ce za ta kai mu mu ga tsofaffin garuruwan bakin gulbi, mu je mu dawo a yini ɗaya. Ta samo bas mai cin mutum sha takwas, ta samo wani dattijo, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya, wanda zai riƙa yi mana bayani, shi ne kuma ya tsara takardar. In mun dawo kowa za ta rubuta shafi guda a kan abin da ta gani. Takardar lokaci kuwa ni ta damƙa wa, don na iya karanta agogo iri biyu, mai hannu da mai lamba, kuma ta san matan ajin suna shakkar bakina. Tun ran nan ƙawata mai fura, da muke zama benci ɗaya, ta laƙaba mini Sajan.

Saura kwana huɗu wata daga cikinmu ta haihu, kujera ɗaya ta rasa mai ita. Na roƙi malama ta bar wa mahaifiyata, ta ce to.

Inna 'yar Wurno ce, aure ya kawo ta Illela. Yayarta, da muke kira Inna Babba, tana can a unguwar da ke gangarawa fadama. Shekara sha ɗaya rabon da su zauna tabarma ɗaya. Ba faɗa suka yi ba. Gwiwa ce ta kama Inna, ba ta iya doguwar tafiya ita kaɗai, ƙanena da ya saba kai ta ya koma Kwatano da zama. Inna Babba kuma idonta ya tafi, ba ta kuma yarda a kara mata waya a kunne. Ta ce ita ba ta gaisawa da ƙarfe, mai son ta ya zo ta taɓa shi. Saura ni ke nan, ni kuma yau kasuwa, gobe aji, jibi bikin wance.

Akwai abin da sai an sani kafin a gane girman abin da na yi. Ni ce ɗiyar fari. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, Inna kuwa ta riƙe wannan fiye da duk matar da na sani. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, “ke wagga” nake. Ba ta daɗewa tana kallon fuskata. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce in ba ta ko in yi mata ba. In gishiri ya ƙare, bango take gaya wa: “Gidan ga ko gishiri babu.” In tana son ruwa, sai ta ce wa kaza yau ana zafi. Sau ɗaya take faɗa. In an ji, to. In ba a ji ba ta haƙura. Wannan karatun na haddace shi tun kafin in san akwai wani abu wai shi biro. Da lokacin yaye ni ya yi kuma, Wurno aka kai ni. Inna Babba ce ta yaye ni, ta goya ni har na yi wayo. Tafarnuwa take sayarwa, har yau in na ji warinta a jikin zane, bayan Inna Babba nake tunawa.

Da na gaya wa Inna an sami kujera, tabarma ta kalla ta ce, “Ashe.” Kwana uku tana haɗa kaya. Ta sa maƙwabciya ta sayo mata cuku da dabino a Ƙwanni. Ta fito da turmin atamfar da ta ɓoye tun Sallah, da sabulu, da man shafawa na ciwon gaɓa, da 'yar kwalbar turare, ta ƙulle su a tsohon zane. Na ga ƙullin, na san inda za shi. Amma ban gaya wa malama muna da gida a Wurno ba. Ni ce fa na tsaya gaban aji na ce wannan tafiyar karatu ce ba yawon biki ba, duk mai dangi a kan hanya ta bar danginta sai wani jiƙon. Da wane baki zan dawo in ce ban da ni? Na duba takarda na ga awa biyu da rabi a Wurno, na ce a raina ai lokaci zai samu, mu sulale mu gaisa mu dawo ba wanda ya lura.

Ba mu tashi bakwai ba. Wata ta manta mayafi, wata sai ta sallami yara, wata ta tsaya neman ruwan leda mai sanyi. Na tsaya bakin ƙofar bas da takarda ina kiran su ɗaya bayan ɗaya.

“Sajan, ki yi a hankali,” in ji mai fura. “Ko bakin boda ba a tsare mu haka.”

“Na bakin boda ba su da takarda irin tawa. Shiga ki zamna.”

“Allah shi kiyashe mu ranar da kika gama sakandare.”

Takwas saura kaɗan muka bar gari. Inna na zaune kusa da taga, ƙullinta a cinya, ta rungume shi da hannu biyu. Direba ya ce a sa shi a baya tare da kulolin abinci, ta yi kamar ba ta ji ba.

A Kware muka tarar da dattijon yana jiran mu a gindin bishiya, 'yar lasifika rataye a kafaɗa. “Iyayena mata, sannunku da hanya,” ya ce, ko da yake ya girme mu duka ban da Inna. Gaskiya ya iya bayani, ba zan ci hakkinsa ba. Ya ce irin waɗannan garuruwa ribaɗi ake kiran su, an kafa su ne don tsaron iyaka, malamai da mayaƙa da makiyaya suka zauna wuri ɗaya suka koyi noman fadama. Na yi ta rubutu har yatsuna suka ƙage. Amma da muka gangara bakin tafki matan suka hango masu kifi, sai tarihi ya mutu. Aka shiga ciniki, aka shiga hoto, wannan ta ce a sake don ta runtse ido. Na yi ta faɗa har muryata ta shaƙe. Inna ba ta sauka ba.

Tun da muka wuce Acida ta canza zama. Ta miƙe baya, ta kafa goshi a gilashi, tana magana ƙasa-ƙasa da taga. “Nan ruwa ya taɓa tsare mu ni da Yaya, munka kwana gidan wata mai saƙa. Wagga gona da ta masu rini ce.” Garin na bisa tudu, fadama shimfiɗe a ƙasansa, can gaba gulbin Rima na ƙyalli. Lokacin cire tafarnuwa ne, an shanya ta ko'ina, warinta ya shigo mota tun ba mu tsaya ba. Ban taɓa jin Inna ta yi doguwar magana haka a gabana ba. Ban rubuta ko kalma ɗaya daga ciki ba. Birona na jiran mai lasifika.

Sha biyu da rabi ta gota muka sauka. Dattijon ya ja ni gefe, ya nuna takardar da ke hannuna.

“Hajiya, an ci mana awa guda. Ko mu rage a nan, ko mu bar madatsa. Ke ke riƙe da lokaci.”

“A rage nan,” na ce. “Madatsa ba mu taɓa gani ba.”

Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗa. Inna na bayana da sandarta da ƙullinta, kuma kunnenta lafiya lau yake.

Ya kai mu inda ragowar ganuwa take, wani tudun jar ƙasa da awaki ke hawa. Yana cewa a nan tsohuwar ƙofar gari take, sai na ji Inna ta ce wa sandarta, “Ba nan take ba. Can gaba ce, wajen giginya.” Dattijon ya ji. Ya sauke lasifika daga baki, fuskarsa ta washe.

“Ashe Hajiya 'yar gari ce? To ai ke za ki karanta mana. Matso, Hajiya.”

“Inna, bari malam shi yi,” na ce. “Shi ya karanta abin ga, kuma lokaci na tahiya.”

Ta ja baya da sandarta. Shi ma ya ɗan tsaya, sannan ya mayar da lasifika baki ya ci gaba, amma bai sake nuna wurin ƙofar ba.

Muka yi ziyara a hubbare, kabarin Sarkin Musulmin da ya kafa garin, muka yi addu'a a gurguje, muka sallaci azahar a wani gida da ke kusa. Daga nan bas ta gangara da mu bakin gulbi don cin abinci. Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe kuloli. Masunta biyu na yawo a ruwa kwance bisa gora, wani kwalekwale na ƙetarawa da buhunan albasa. Kusa da mu wata tsohuwa na suyar kifi a ƙarƙashin rumfar kara. Tun da Inna ta sauko take bin ta da ido. Can ta ajiye matsami ta taso.

“Wa nika gani haka? Ba ke ce ƙanwar mai tahwarnuwa ba?”

“Ni ce.”

“La'ilaha illallahu! Ke da munka yi wanka gulbin ga tare! Tsuhwa ya ci ki.”

“Ke ya bar ki?”

Suka riƙe hannun juna suna dariya da guntayen haƙora. Suka gaisa, suka lissafa waɗanda suka rasu. Sannan Inna ta rage murya ta ce, “Yaya hwa?”

“Tana nan. Kullum ƙohwar ɗaki, kunne ga hanya. Ko akuya ta taka sai ta ce wa na. Bari in aika a hwaɗa mata kin zo.”

“Bari,” in ji Inna. “Da ƙahwata ya kamata.”

Ta juyo. Ba ni ta kalla ba, gulbi ta kalla. Ta gyara ƙullin a ƙugu ta ce, “Gidan Yaya na nan bayan tsamiyar can. Ko mai sanda, kahin a sha ruwa ya isa.”

Na ji. Kada wani ya ce ban gane ba. Shekara arba'in da wani abu ina fassara irin wannan maganar, kuma a duk tsawon rayuwata ba ta taɓa zuwa kusa da roƙona kamar ran nan ba. Na ciro waya na duba: biyu saura minti sha biyu. Na san gaisuwar shekara sha ɗaya ba ta ƙarewa a minti sha biyu. Za a kawo ruwa, a dama fura, a yi kuka, maƙwabta su shigo, a kama kaza. Mata sha biyar na zaune a rana suna jiran uwar Sajan, Sajan ɗin da ta hana kowa leƙa dangi.

Mai fura na kusa, ta ji komai. Ta zungure ni da gwiwar hannu.

“Sajan, bar tsohuwa ta leƙa mana. Mu ma mu bi ta mu sha ruwan randa, wannan na leda ya zama shayi.”

Dattijon ma ya matso. Malama na can nesa tana tattaro masu hoto, ba ta san abin da ake ciki ba. Ya ce, “Hajiya, in akwai uzuri ai sai a duba.”

Na ɗaga takardar na nuna layin da yatsa, kamar yadda malama ke nuna mana a allo.

“Takarda ta ce ƙarhe biyu. Inna, mu dawo musamman wata rana, ba a gaggauce ba.”

Akwai wata hanyar. Da na ce bas ta tafi ta bar mu, mu kwana a Wurno, gobe mu shiga motar haya. Na sha gaya wa mutane cewa wannan dabarar ba ta zo mini ba sai da muka yi nisa. Ƙarya nake. Ta zo mini a tsaye a wurin. Amma ban taɓa ganin madatsar ruwa ba, kuma ina so shafina ya fi na kowa cika. Kuma wa zai riƙe takarda in na sauka?

Inna ba ta maimaita ba. Ta dafa sanda ta nufi bas. Mai kifi ta biyo ta da baki buɗe.

“Ke wance, ina za ki? Ba ki shiga?”

“Mota ta mutane ce,” in ji Inna.

Mai fura ce ta kama ta ta hau. Da muka tashi na leƙa ta gilashin baya, na ga mai kifi tsaye ta rufe baki da hannu, kifinta na ƙonewa. Na ga tsamiyar ma. Ba ta kai nisan gidana da tasha ba.

Mun ga madatsa. Ruwa ne mai yawa, ba a hango ƙarshensa, iska na kaɗa mayafai. Dattijon ya yi bayani, iska ta kwashe rabinsa. Minti ashirin muka yi, na rubuta layi uku. Inna ba ta sauka ba. A hanyar dawowa matan suka yi ta waƙa da tafi, daga baya barci ya kwashe su. Mai fura, da ba ta iya rufe baki ko a makoki, ba ta ce mini uffan ba daga Goronyo har Gwadabawa. A nan ne ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Karatu na da daɗi, Sajan.” Zafin mota ya sa cukun da ke cikin ƙullin ya fara tashi, kowa na jin ƙanshinsa.

Ana idar da magariba muka shiga gida. Inna ba ta kai ƙullin ɗakinta ba, a bakin ƙofata ta ajiye shi. Ta zauna a kan turmi tana murza gwiwa, ta ce wa akuyar da ke ɗaure, “Kayan ga sun sha rana.”

Na durƙusa nesa da ita kaɗan, yadda na saba.

“Inna, ran Juma'a ba ni da aji. Mu tahi, ni da ke, mu kwana biyu.”

Ta ci gaba da murza gwiwa. Da ta yi magana, akuyar take kallo, ba ni ba.

“Wanda bai zo ba, ana cewa hanya ta hana shi. Wanda ya zo har bakin gulbi, ya ci shinkahwa, ya wuce, mi za a ce? Yanzu haka maganar ta riga mu shiga gidan. Da wace huska?”

A nan na gane ba jinkiri kaɗai na jawo ba. Shekara sha ɗayan nan duk uzuri ne, kowa ya san gwiwa, kowa ya san nisa. Ni na ɗauko ta na kai ta inda za a gan ta, na tsayar da ita a gaban shaida, sannan na juyo da ita. Da na bar ta a Illela ran nan da ya fi mata.

Bari in faɗi yadda abin ya ƙare, don ba ni son a yi zaton an gyara. Ba su sake haɗuwa ba. Inna Babba ta aiko cewa ba komai, tana jiran zuwan Inna. Inna ta ce sai maganar ta kwanta, sai bayan Sallah. Bayan Sallah damina ta sauka, gwiwa ta kumbura har ba ta iya kai kanta bayan gida. Kafin a cire tafarnuwar shekara ta gaba aka bugo mana waya da asuba, Inna Babba ta rasu. Na kai Inna ta'aziyya, mota shata na ɗauka, ba wanda ya duba agogo. Ta zauna a ƙofar ɗakin, daidai inda aka ce yayarta na zama, ta yini a wurin. Da za mu tafi na lura da giginyar da Inna ta ambata, da wasu duwatsu biyu a gindinta kamar mazaunin ƙyaure. Ban tambaye ta ba. Na riga na rufe wannan bakin da kaina.

Shafina kuwa shi ya zo na ɗaya. Malama ta karanta shi a gaban aji, aka yi mini tafi. Akwai ribaɗi a ciki, akwai ganuwa, akwai masunta bisa gora da faɗin madatsa, kuma ba kuskuren rubutu ko ɗaya. Na rubuta ƙofar gari a inda dattijon ya fara cewa take. Mai fura ba ta yi tafi ba.

Amma duk wannan daga baya ne. Washegarin tafiyar, da na idar da sallar asuba, ƙullin na nan inda ta bar shi. Na yafa mayafi na ɗauke shi. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, ba ta koma barci ba.

“Inna, ni za ni Wurno. Ki taso.”

Ta girgiza kai. Na tsaya, ko za ta canza. Sai ta miƙo hannu, ba ta dube ni ba, ta jawo bakin ƙullin ta kwance shi kaɗan, ta cusa carbinta a tsakanin atamfa da dabino, ta ɗaure da kanta. Carbin nan tun ina yarinya yake hannunta.

“In an tambaya,” ta ce wa ƙyauren, “a ce ƙahwa ce ta hana.”

“Ba ni cewa haka. Cewa zan yi ni na hana.”

“Ke wagga, ba a son baki.”

“Jiya ma da shi na yi. Yau da shi za ni.”

Takardar na cikin jakata tun jiya, ta yi laushi da gumi. Na ciro ta na ajiye a kan taga, na danne da dutse. Littafin ma na bar shi. Masu babur sun fara zirga-zirga zuwa boda, ɗaya ya tsaya ya ce Hajiya Ƙwanni ne, na ce a'a, tasha. Na hau da ƙullin a cinya. Motar Sakkwato ta farko, inda zan kama ta Wurno, saura mutum biyu ta cika, na shiga na zauna kusa da taga.